Misoprostol: maganin gyambon ciki da ke ceton masu jego, amma yake iya halaka mai naƙuda

Kwanakin baya wani abokin aikina, malamin lissafi a makarantar da muke koyarwa, ya shigo ɗakin malamai yana faɗa. Ya daɗe yana fama da ciwon gwiwa, likita ya rubuta masa diclofenac, ya haɗa masa da wata ƙwaya da za ta kare masa ciki, domin an taɓa samunsa da gyambon ciki. Da ya je farmasi, matar da ke ba da maganin ta duba takardar, ta ɗaga kai ta ce: "Malam, akwai mai juna biyu a gidanka?" Abin ya ɓata masa rai. A ganinsa, ina ruwan mai sayar da magani da iyalinsa, shi da ya zo neman maganin gwiwa?

Matar nan aikinta ta yi, kuma ta yi shi daidai. Ƙwayar da aka rubuta masa sunanta misoprostol, wadda jama'a suka fi sani da sunan kasuwa Cytotec. A Hausa idan aka ce "ciki", ana iya nufin inda abinci ke sauka, ana kuma iya nufin juna biyu. To wannan ƙwaya tana aiki a duka biyun. Tana kare mai gyambon ciki, tana tsayar da jinin da ke kashe mata bayan haihuwa, amma idan ta faɗa hannun mai juna biyu a lokacin da bai dace ba, tana iya zubar da cikin, ko ta naƙasa ɗan da ke ciki, ko ta fasa mahaifa. Abin da ke raba amfaninta da cutarwarta abu uku ne: wane ne ya sha, yaushe ya sha, kuma nawa ya sha.

Asalin maganin

Kamfanin Searle na Amurka ne ya haɗa misoprostol a shekarar 1973. Ya shiga kasuwa a tsakiyar shekarun 1980, kuma a 1988 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi don kare ciki daga gyambon da magungunan kashe raɗaɗi ke haddasawa. Tun daga farko an rubuta gargaɗi a jikin kwalinsa cewa kada mai juna biyu ta sha, domin yana sa mahaifa ta tsuke. Likitocin mata suka lura cewa wannan illar da ake gudu ita ce ainihin abin da suke nema a wasu lokuta a ɗakin haihuwa.

Daga nan maganin ya samu aiki na biyu. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta saka shi a jerin magungunan da bai kamata a rasa ba: a 2005 don tayar da naƙuda a asibiti, a 2011 don rigakafin zubar jini bayan haihuwa inda babu allurar oxytocin, sannan a 2015 don tsayar da jinin idan ya riga ya ɓalle. Maƙwabciyarmu Najeriya ta yi masa rajista don zubar jinin haihuwa tun a 2006. A Faransa kuwa, kamfanin Pfizer, wanda Cytotec ya koma hannunsa, ya janye shi daga kasuwa a watan Maris na 2018, saboda an wayi gari kusan duk amfanin da ake yi da shi a ɓangaren mata ne, alhali ƙwayar an ƙera ta ne daidai da bukatar mai gyambon ciki. Aka maye gurbinta da wasu ƙwayoyin misoprostol da aka auna musamman don aikin haihuwa.

Yadda yake kare ciki

Tumbin ɗan Adam yana fitar da ruwa mai tsananin tsami don narka abinci. Abin da ke hana wannan ruwan cin naman tumbin shi ne wani shafi mai yauƙi da ke lulluɓe bangonsa. Jiki yana samar da shafin ne da taimakon wani sinadari mai suna prostaglandin. Magunguna irin su diclofenac da ibuprofen da aspirin suna kashe raɗaɗi ne ta hanyar rage prostaglandin a jiki baki ɗaya. Ciwon gwiwa ya lafa, amma tumbi ya rasa garkuwarsa. Wanda ya ɗauki makonni ko watanni yana shan su, musamman tsoho ko wanda ya taɓa yin gyambon ciki, yana cikin haɗarin samun miki, har ma da zubar jini ta ciki.

Misoprostol kwaikwayon prostaglandin ne da aka haɗa a masana'anta. Yana mayar wa tumbi abin da maganin raɗaɗin ya ƙwace: yana ƙara shafin nan mai yauƙi, yana kuma rage ruwan tsamin. Ƙwayar da aka saba gani tana ɗauke da maikurogiram 200, kuma maikurogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Likita yakan rubuta a sha sau biyu zuwa huɗu a rana, tare da abinci, na ƙarshe kafin kwanciya.

Illar da aka fi gani ita ce zawo da murɗawar ciki, galibi a kwanakin farko, kuma sukan lafa da kansu cikin kamar mako guda. Shan maganin bayan an ci abinci yana rage su. Magungunan ƙwarnafi masu ɗauke da magnesium kuwa ƙara zawon suke yi, don haka a guji haɗa su. Idan zawon ya yi tsanani ko ya ƙi tsayawa, a koma wajen likita kafin ruwan jiki ya ƙare.

Akwai abin da ya kamata duk mai "olsa" ya sani. Yunwa da barkono suna tayar da raɗaɗin gyambon ciki, amma ba su ne tushensa ba. Manyan sanadinsa biyu ne: magungunan raɗaɗin da muka ambata, da wata ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori. Wasu likitoci biyu na ƙasar Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka tabbatar da rawar da wannan ƙwayar cuta ke takawa, abin da ya sa aka ba su kyautar Nobel a 2005. Misoprostol ba ya kashe ta. Maganinta shi ne haɗin magungunan kashe ƙwayoyin cuta tare da irin su omeprazole, na kwana 10 zuwa 14, bisa takardar likita. A yau ma likitoci sun fi rubuta omeprazole da danginsa don kare ciki, saboda sau ɗaya ake shan su a rana kuma ba su cika sa zawo ba. Saboda haka wanda ke jin zafin ciki bai kamata ya je ya nemi Cytotec da kansa ba. Wanda kuma ya ga kashinsa ya yi baƙi wuluk, ko ya yi aman jini, asibiti zai nufa a ranar.

Mace da ke cikin shekarun haihuwa ba a fara ba ta misoprostol don gyambon ciki sai an yi gwaji an tabbatar ba ta da juna biyu, kuma tana kan tsarin tazarar haihuwa mai inganci muddin tana shan maganin. Idan al'adarta ta yi jinkiri, ta dakatar da shi nan take ta ga likita. A kuma lura da cewa akwai magungunan ciwon gaɓɓai da aka haɗa diclofenac da misoprostol a ƙwaya ɗaya, kamar Artotec. Mutum na iya ajiye misoprostol a gidansa bai ma sani ba.

Bayan haihuwa: inda yake ceton rai

A ƙarshen goyon ciki, jinin da ke bi ta mahaifa a kowane minti ya kai rabin lita ko fiye. Da zarar jariri ya fito mabiyiya ta ɓalle, sai wurin da take manne ya zama buɗaɗɗen miki cike da jijiyoyin jini. Allah ya yi wa mahaifa dabara: tana tsukewa ta yi tauri, naman nata ya matse jijiyoyin, jini ya tsaya. Idan mahaifa ta gaji ta ƙi tsukewa, jinin zai ci gaba da zuba. Wannan shi ne sanadin mafi yawan zubar jini bayan haihuwa.

Likitoci suna kiran abin zubar jini mai haɗari idan mace ta rasa mililita 500, wato rabin lita, cikin awa 24 da haihuwa. A ƙiyasin da OMS ta bayar a 2023, mata kusan miliyan 14 ne ke gamuwa da wannan a kowace shekara a duniya, kimanin 70,000 kuma suna rasa rayukansu. Mace lafiyayya na iya mutuwa cikin awa biyu idan ba a tsayar da jinin ba. Wadda ta shiga naƙuda da ƙarancin jini, kamar yadda zazzaɓin cizon sauro da rashin abinci mai gina jiki da haihuwa kusa da kusa ke jawowa, ba ta ma da wannan lokacin.

Maganin farko da aka fi yarda da shi ita ce allurar oxytocin. Sai dai tana bukatar abu biyu da ba ko'ina ake samu ba: firiji mai sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, da ma'aikacin da ya iya allura. Duk wanda ya san ƙauyukan jihar Maraɗi ko Damagaram ko Tawa a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 ga kuma ɗaukewar wuta, ya san inda matsalar take. Misoprostol ƙwaya ce, ba ta bukatar firiji ko sirinji, kuma ba ta da tsada. Wannan ne ya sa ta zama makami a hannun ungozomomi da ma'aikatan ƙananan gidajen likita na karkara.

Don rigakafi, OMS ta ba da shawarar maikurogiram 400 ko 600, wato ƙwaya biyu ko uku, mace ta haɗiya nan take bayan jariri ya fito. Idan jini ya riga ya ɓalle kuma babu oxytocin, ma'aikacin lafiya yakan saka maikurogiram 800 a ƙarƙashin harshenta. A 2020 OMS ta ƙara da cewa, a wuraren da mata ke haihuwa a gida babu ƙwararren ma'aikaci, ana iya ba su ƙwayoyin tun a wajen awon ciki, tare da cikakken bayani da bibiya, domin su sha bayan haihuwa.

Duk wadda aka ba wa, ita da mijinta da surukarta da ungozomar da za ta karɓi haihuwar, su riƙe wannan ƙa'ida: ba a shan ƙwayoyin sai jariri ya fito gaba ɗaya, kuma an shafa ciki an tabbatar babu na biyu. Idan tagwaye ne, sai na ƙarshe ya fito. Bayan an sha, mace takan yi makyarkyata kamar mai jin ɗari, wata jikinta ya yi zafi, wata ta ji tashin zuciya. Waɗannan sanannun abubuwa ne, sukan wuce cikin 'yan awoyi. A lulluɓe ta idan tana rawar ɗari, a ba ta ruwa, a sa mata jaririn a nono. Maganin ba ya hana shayarwa, kuma tsotson jariri shi kansa yana taimaka wa mahaifa ta tsuke.

Sai dai maganin yana da iyaka. Ba ya ɗinke yagewar da haihuwa ta jawo, ba ya kuma fitar da guntun mabiyiya da ya maƙale. Idan zane ya jiƙe sharkaf da jini, ko jinin na fita guda-guda, ko mai jego ta fara ganin jiri, idonta da tafin hannunta suka yi fari, ko mabiyiya ta ƙi faɗowa bayan rabin awa zuwa awa guda, a nemi mota ko amalanke ko duk abin da ya samu a nufi gidan likita. Kada a tsaya jira a ga ko ƙwaya za ta yi aiki, kada kuma a ƙara mata wasu ƙwayoyin a gida.

Abin da aka gani a Nijar

Ƙasarmu tana da abin nunawa a wannan fage. Daga 2015 zuwa 2020, ma'aikatar kiwon lafiya tare da ƙungiyar Health and Development International sun aiwatar da wani tsari a gidajen likita na faɗin ƙasa, mai matakai uku. Matakin farko shi ne misoprostol. Idan jini bai tsaya ba, sai a saka kororon roba da aka ɗaura a bakin siririn tiyo cikin mahaifa, a cika shi da ruwa ya danne jijiyoyin daga ciki. Idan abin ya faskara, sai a sa wa macen wata riga ta musamman mai matse ƙafafu da mara, wadda ke mayar da jini zuwa zuciya da ƙwaƙwalwa har a isa babban asibiti. An wallafa sakamakon a mujallar likitanci ta The Lancet Global Health a 2023, kuma ya nuna mutuwar mata sanadin zubar jini bayan haihuwa a gidajen likita ta ragu da fiye da rabi.

Darasin a fili yake. Ƙwayar ta yi aiki ne domin tana hannun waɗanda aka horar, kuma akwai mataki na biyu da na uku a bayanta idan ta gaza. Shi ya sa haihuwa a CSI ko a cibiyar kula da uwa da yaro ta fi haihuwar gida tsaro, ko da mace tana da ƙwayoyin ƙulle a bakin zaninta.

Kafin jariri ya fito: inda haɗarin yake

Kowa ya san yadda hankalin gida ke tashi idan naƙuda ta daɗe. Wannan ta kawo jiƙo, waccan ta kawo shawara, wani lokaci kuma a samu mai cewa ga wata ƙwaya da ke sa haihuwa ta zo da sauri. A nan ne ake asarar rayuka, domin sauri ya haifi nawa.

Gwargwadon tsufan ciki, gwargwadon yadda mahaifa ke amsa misoprostol da ƙarfi. Idan likita ya ga akwai dalilin tayar da naƙuda, alal misali ciki ya wuce lokacinsa ko hawan jini ya sa jira ya zama haɗari, abin da ake ba mace a lokaci guda maikurogiram 25 ne kacal, a bar tazarar awoyi, ana sauraron bugun zuciyar jariri, ana duba ƙarfin naƙudar. Ƙwaya ɗaya ta 200 ta ninka wannan sau takwas. Ƙwayoyi ukun da ake ba mai jego sun ninka shi sau 24. Ba kuma abu ne mai yiwuwa a gutsura ƙaramar ƙwaya gida takwas daidai da reza a tsakar gida ba.

Idan maganin ya yi yawa, mahaifa takan murɗa babu hutu. Jariri yana samun iskar numfashi ne ta jinin uwa a ɗan tsakanin da naƙuda ke lafawa. Idan babu wannan tsakanin, sai ya galabaita, ya mutu a ciki ko ya fito da lahani a ƙwaƙwalwa. Mahaifar kanta tana iya fashewa, kuma wannan ba ya da magani sai tiyatar gaggawa da ƙarin jini. Haɗarin ya fi yawa ga wadda aka taɓa yi wa aiki aka ciro jariri, domin tabon ɗinkin na iya buɗewa, shi ya sa OMS ta hana amfani da misoprostol don tayar mata da naƙuda. Haka kuma ga wadda ta haihu sau da yawa, abin da ya shafe mu kai tsaye a ƙasar da mace ke haihuwar 'ya'ya kimanin shida a matsakaici. Sau da yawa kuma naƙuda tana daɗewa ne saboda jariri ya kwanta a gicciye ko kansa ya fi ƙugun uwa girma. Ƙara wa mahaifa ƙarfi a irin wannan hali daidai yake da tura kaya ta ƙofar da ke kulle.

Farkon ciki da ɓari

A watannin farko, misoprostol yana iya zubar da ciki. Idan kuma cikin bai zube ba, akwai haɗarin a haifi yaro da naƙasa. A ƙasar Brazil, inda aka riƙa sayar da Cytotec barkatai har hukumomi suka fara takaita shi a 1991, likitoci sun lura da yaran da aka haifa da shanyewar jijiyoyin fuska, ba sa iya murmushi ko juya ido gefe, wasu kuma da naƙasar yatsu da ƙafafu. Wannan shi ne dalilin tambayar da aka yi wa abokin aikina. A gidajenmu an saba raba magani: maigida ya sha ya ji daɗi, uwargida ta yi kukan ciwon ciki, sai a miƙa mata, alhali wataƙila tana da cikin wata ɗaya da ita kanta ba ta sani ba.

A asibiti, ana amfani da misoprostol wajen wanke mahaifa bayan ɓarin da bai fita duka ba, kuma sau da yawa yana hutar da mace daga wankin ciki da ƙarfe. Amma sai an duba an san watannin cikin da kuma inda ya zauna. Wani cikin a wajen mahaifa yake zama, cikin bututun ƙwai. Misoprostol ba ya taɓa irin wannan, kuma idan bututun ya fashe mace na iya mutuwa da zubar jini ta ciki ba tare da an ga jini mai yawa a waje ba.

Duk macen da ke zubar da jini tana da ƙaramin ciki, ko mene ne sanadin, ta je gidan likita, ta kuma faɗa wa ma'aikacin abin da ta sha ba tare da ɓoyewa ba. Jini mai jiƙa ƙunzugu biyu cikin awa guda har awa biyu a jere, zazzaɓin da ya wuce yini da kwana, ruwa mai wari, ciwon mara mai tsanani ko suma, duk alamu ne na gaggawa. Kunya ta hana mata da yawa zuwa da wuri.

Ajiya da sayayya

Misoprostol yana jure zafi fiye da oxytocin, amma danshi ne babban maƙiyinsa. Ƙwayar da aka ɓare daga mazubinta tana fara rasa ƙarfi cikin 'yan kwanaki, musamman da damina. Mazubin da ya fi kare ta shi ne wanda aka rufe da gwangwanin alminiyom gaba da baya. A duba ranar ƙarewar aiki, a tabbatar mazubin bai huje ba, kada a ɓare sai lokacin sha, a ajiye a inuwa inda yara ba za su kai ba.

Ƙwayoyin da masu tallar magani ke yawo da su a tire ko a bayan keke, tsirara cikin leda, rana na dukansu, ba wanda zai iya tabbatar da abin da ke cikinsu. Wasu sun lalace, wasu jabu ne tun asali. Ga mai jego da jini ke zuba, ƙwayar da ba ta aiki tana cinye mintocin da ya kamata a yi amfani da su a hanyar asibiti. A karɓi maganin a gidan likita, ko a saya a farmasi mai lasisi da takardar likita.

Na zayyana wa abokin aikina duk wannan a lokacin hutun ƙarfe goma. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce ƙanwar matarsa tana gidansu ta zo goyon ciki, kuma ƙwayoyin suna kan tebur kusa da kwalbar paracetamol. Washegari ya gaya mini ya mayar da su cikin akwatin da yake ajiye takardun jarrabawa, makullin yana aljihunsa.